Yatsa Kafin Fenti

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Assalamu alaikum, Magaji.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya, da sharrin wuta, da sharrin ƙarfe, Ya sa ka gama da duniya lafiya.

Na san za ka yi mamaki. Gida ɗaya muke kwana, katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da naka, amma sai ga takarda an miƙo maka kamar daga wata ƙasa. To ka san halina. Kai ne ɗan fari, kuma yadda muka tashi muka tarar, uba ba ya zama ya baje hira da ɗan fari, ba ya yabonsa a gaban mutane, ba ya ma kiran sunansa. Shekara ashirin da shida ina ce maka Magaji, in raina ya ɓaci in ce "kai wannan". Abin da baki ya kasa bari in gwada ko hannu zai iya, duk da hannun ma ya fi sabawa da magagari a kan biro.

Innarka ta gaya mani ka ɗaure kaya. Ta ce jibi da hantsi za ka hau motar Katsina, daga can ka wuce Kaduna, garejin nan da suka ga aikinka a waya suka neme ka. Ta kuma ce ka ce ba za ka biyo ta rumfar walda ba. Ban hana ka tafiya ba, ba ni ma da niyyar hanawa. Abu ɗaya nake nema, kada ka bar Batsari ba ka tako rumfar nan ba, akwai abin da zan sa maka a hannu. Ka karanta har ƙarshe, sannan ka yi abin da ka ga dama.

Yau kwana tara ke nan da abin. Ranar kasuwa ce, Ɗanlami direba yana tsaye a kanmu yana duba agogo, fasinjojinsa na Zakka sun cika mana benci. Ka yi kwana uku kana haɗa masa sabon manifol, bututun hayaƙin inji guda huɗu da ka lanƙwasa da hannunka ka tara su suka zama ɗaya. Na dawo daga sayen kabaid na wutar walda na tarar ka buɗe gwangwanin fenti. Na tambaye ka ko ka sa yatsa, ka ce ka gama. Na ɗauko zarton ƙarfe, na danne aikin a kan benci, na raba shi biyu daidai mahaɗa, jama'a suna kallo. Na duba ciki, na ajiye, na wuce masallaci. Ɗanlami ya rasa lodin ranar, kai ka rasa aikin kwana uku, ka kuma sha kunyar da ban taɓa ba wani bare ba.

Na ji abin da ake faɗa a teburin mai shayi. Wasu sun ce tsufa ya fara taɓa ni, wasu sun ce kishi nake don hannunka ya fi nawa. Hannunka ya fi nawa, wannan gaskiya ne, amma ba kishi ba ne. Tsoro ne, Magaji, tsoron da kuka zo duniya rana ɗaya da shi. Sai na faro maka daga nesa za ka gane.

Ina ɗan shekara goma sha tara aka kai ni Katsina wajen Malam Ɗanbaba mai walda, Allah Ya jiƙansa. Mutumin nan yana da wata ɗabi'a da take ba mu dariya. Duk salansa ko manifol da aka gama, ba za a shafa masa fenti ba sai ya huce, ya zo ya naɗe hannun riga, ya runtse ido, ya zura yatsa a kowane baki yana juyawa a hankali. Mu kuwa marasa kunya muka laƙaba masa Ungozoma, a bayan idonsa mana. In ya ji wani tudu ko tsini a ciki sai ya ce walda ta yi haƙori. Kalmar nan da kake ji a bakina tun kana rarrafe, tasa ce.

Ka san abin, amma bari in faɗa yadda ya faɗa mana. In ka haɗa bakin bututu biyu ka ba su wuta, narkakken ƙarfe ba a waje kaɗai yake tsayawa ba, yana zubowa ciki ya daskare. Hayaƙin da inji ya turo da ƙarfi sai ya zo ya ci karo da shi, ya juya, ya tare wanda ke biye. Injin da bai fitar da tsohon hayaƙi ba kuwa, ba shi da inda zai sa sabuwar iska. A shimfiɗaɗɗiyar hanya, mota ba kaya, ba wanda zai gane. Sai ta ɗauki buhunan dawa ta fuskanci tudu, sannan za ka ji tana nishi.

Manifol na farko da na haɗa ni kaɗai, wallahi waldar wajensa kamar kitson amarya. Na kai masa ina ta rawar kai, ina jiran yabo. Ko kallon wajen bai yi ba. Ya zura yatsa, ya zaro shi da jini, ya goge a gaban rigata, ya ce, "Hayaƙi ba ta waje yake bi ba, Sabi'u." Ya miƙo mani magagarinsa ya yi tafiyarsa. Kuskurena na farko shi ne na goge haƙorin don ina shakkarsa, ba don na yarda ba. A raina cewa nake fitinar tsofaffi ce kawai, wa zai leƙa cikin bututu? Na yi shekara uku, na ga ai na iya, na tattaro na dawo Batsari na kafa rumfa, alhali ya ce in ƙara ɗaya.

To kai inda za ka, na ji an ce masu motocin samari ne 'yan gayu, abin da suke so ƙara da ƙyalli, su ɗauki hoton walda su sa a waya. Za su yabi wajen aikinka har kanka ya kumbura. Kada yabon ya ɗauke maka hankali daga ciki. Kowace gaɓa ka goge ta kafin ka ɗora ta gaba, domin in ka rufe lanƙwasa magagari ba zai sake kaiwa can ba. Ka daidaita bakunan su zauna cif kafin ka kunna wuta, giɓi shi ke jawo zuba. Inda yatsa bai kai ba ka zura tsumman auduga ka jawo ta ɗaya bakin, in ya maƙale ko ya fito da zare a tsinke, akwai haƙori. In kuma ka ga wanda ya girme ka a sana'ar yana wani abu da ya ba ka dariya, ka tambaye shi dalili tukuna.

Yanzu ga wanda ban taɓa gaya wa kowa ba, sai innarka jiya.

Ka san sunan wani direban Zakka aka sa maka. An gaya maka abokina ne, ruwa ya ci shi ranar da aka haife ka, shi ya sa na mayar da sunansa. Duk gaskiya ne, amma rabin labarin ne. Mai sunanka yana da a-kori-kura guda, tsohuwa, ita ce motar garin kaf. Ita ke kai hatsi kasuwa, ita ke kai marar lafiya, ita ke ɗauko gawa in an rasu a asibiti. Mutum ne mai barkwanci, ba ya shigowa rumfata sai da gyaɗa ko rake a hannu, yana ce mani Sarkin Wuta.

Farkon daminar shekarar manifol ɗinsa ya tsage, aka nemi wani har Katsina ba a samu ba, na bugi ƙirji na ce zan haɗa masa da bututu. Ranar da zan gama ta faɗo ranar kasuwa. Mutane sun yi layi, wannan da garma, wancan da ƙafar amalanke, shi kuma yana ta leƙowa yana cewa in taimaka kada la'asar ta yi masa a nan. A mahaɗa, inda bututu huɗun ke zama ɗaya, bakunan ba su zauna ba, akwai giɓi. Maimakon in kwance in sake yanka, sai na ƙara wuta na cika giɓin da wayar walda. Da ya huce na sa yatsa. Magaji, na sa yatsa. Wannan ne abin da ya hana ni sakat shekara ashirin da shida, ba mantuwa na yi ba. Na ji shi, dunƙule guda kamar goro, ya tare kusan rabin hanya, a inda magagari ba zai kai ba sai an yanka. Na zaro yatsana, na waiwaya na ga ba mai kallona, na jawo gwangwanin fenti.

Sau biyu yana dawowa. Na farko ya ce motar ta yi sanyi, ba ta jan tudu yadda ta saba. Na ce masa man da suke saye a galan ne, haɗi ake yi masa. Na biyu ya ce ya canza mai, ya canza filogi, har yanzu tana nishi kamar mai asma. Na buɗe gaban motar, na taɓa nan na taɓa can, na ce kafireto ne, ya kai wa bakanike. Ya yarda, don bai taɓa kawowa a ransa zan yi masa ƙarya ba. Ni kuma ina ce wa kaina bari aiki ya yi sauƙi, zan kira shi in ce ina so in duba wani abu, in yanke in gyara bai sani ba. Kullum sai gobe. Abin da ya gagare ni shi ne in buɗe baki in ce aikina ne.

A lokacin innarka tana Zakka gidan iyayenta, ta tafi goyon ciki kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Tsakiyar damina aka aiko mani da safe cewa naƙuda ta kama ta tun jiya, abin ya ƙi. Na ari babur na tafi. Da na isa na tarar ungozoma ta ce ita kam ta yi iyakar yinta, a kai ta asibitin Safana. Mota ɗaya ce a garin, ka san wacce. Aka shimfiɗa katifa a baya aka kwantar da ita, gwaggonta ta riƙe mata kai, ni na tsuguna can bakin ƙofar baya. Azahar ta ɗan gota.

Akwai rafi a hanyar, lokacin ba a yi masa kwalbati ba. Gangara ce za ka sauka cikin yashi, ka ratsa, ka hau gaɓar can mai tsayi. A kanmu rana ake yi sosai, amma can yamma hadari ya yi baƙi ƙirin tun hantsi, kowa ya san an sheƙa ruwa a sama. Da muka iso, ruwan rafin bai wuce idon sawu ba. Mai sunanka ya tsaya, ya leƙo ta taga, ya dubi yamma, ya dubi katifar. Ya ce mani gaɓar nan ya hau ta ba adadi, mu dai riƙe ta da kyau. Ya sa giya ya gangara.

Yashin mun ratsa shi lafiya. A gaɓar ce. Motar ta kama hawa, ta wuce rabi, sai na ji sautin nan. Ba wanda ya san shi a duniya kamar ni, inji ne yana neman numfashi an toshe masa. Ya taka totur har ƙasa, ba abin da ya ƙaru sai nishi. Ta tsaya, ta sulalo baya, ƙafafunta suka koma cikin ruwa. Ya sake gwadawa, ta kai inda ta kai da farko, ta dawo. Taku biyar ya rage, bai fi ba. Da numfashinta cikakke ne, da ta haye ko tana so ko ba ta so.

Sai muka ji ƙugi daga sama, kamar an koro garken shanu. Gwaggo ta fara salati. Ruwan da ke idon sawu ya kai ƙwauri kafin in diro. Mai sunanka ya fito da gudu, shi ya kama katifar ta wajen kai, ni ta wajen ƙafa, muka hau gaɓar da innarka muna zamewa a laka, gwaggo tana rarrafe a bayanmu. Muka ajiye ta a gindin wata tsamiya. Ina ɗago kai na ga ya juya zai koma.

Na ce masa ya bar ta. Ya ce, "Sabi'u, in motar nan ta tafi, da me za mu kai ta Safana? Yanzu ba nauyi, za ta hau."

A nan ne ya kamata in ce masa ba za ta hau ba, da kaya ko babu, ni na san dalili. Kalma nawa ce? Bakina ya buɗe, abin da ya fito shi ne, "To yi sauri."

Ya shiga, ya ba ta wuta, ta kama hawa. Ta wuce inda take tsayawa da kamar taku biyu, har na fara hamdala. Sai nishin ya dawo. Tana cikin sulalowa kan ruwan ya iso, jawur, da itatuwa a cikinsa, ya bugi gefenta ya kwantar da ita. Na ga hannunsa a taga sau ɗaya. Wasu Fulani da ke kiwo a gaɓar ne suka riƙe ni, su ne kuma suka nemo amalanken shanu aka ƙarasa da innarka. An haife ka kafin magariba. Shi kuwa sai washegari aka same shi, can nesa, maƙale a saiwar wata bishiya.

Bayan kwana huɗu ruwa ya janye, aka jawo motar da shanu. Kowa yana cewa ƙaddara, tsohuwar mota, ruwan bana. Ƙaddara ce, ban musa ba, kwanansa ne ya ƙare. Amma ni na san ta hannun wa ta biyo. Na je da sifana na kwance manifol ɗin, na ce wa 'yan'uwansa zan ajiye don tunawa, har suna yi mani godiya. Ranar suna liman ya tambaye ni, na raɗa masa sunan marigayi, jama'a suka yi ta cewa kai, Sabi'u ya cika aboki. Ni kuwa ina zaune a tabarma kaina a ƙasa, aka ɗauka alhini ne.

Ga abin da zan ce maka a kan wannan, kuma ya fi duk sauran nauyi. Za ka yi kuskure a aiki, ba makawa, duk mai riƙe wuta yana yi. Ranar da yatsanka ya ji abin da bai kamata ba, a ranar za ka yanka, ko mai motar yana tsalle, ko kasuwa za ta watse. In kuwa motar ta riga ta bar hannunka, ka bi shi har gida ka ce aikinka ne. Zai zage ka, ƙila ya gaya wa duniya. Ka shanye zagin. Ka kuma tuna hanyoyinmu na yanzu ba irin na da ba ne. Da rafi muke tsoro, yanzu direba yana iya hango abin da ya fi rafi a bakin daji, ya taka totur da rayukan mutane cike da bayansa. A wannan lokacin ba shi da abin dogaro bayan Allah sai abin da ka yi a cikin bututun.

Kuskure na uku daga na biyun, na motar mai sunanka, ya fito. Bayan abin nan sai na zama kamar mahaukaci a kan guga. In na kama manifol sai in yi ta cin cikinsa da magagari, da ɗan dutsen nan na bakin injin huda, in bi da sanfefa, sai ya yi santsi kamar cikin tangaran. Wani malamin makaranta daga Darini ya kawo motarsa na yi masa irin wannan gugar. Wata biyu ya dawo, gaɓar ta tsage zagaye, hayaƙi yana shigar masa cikin mota, 'ya'yansa suna ta amai a hanya. Ashe na cinye naman waldar na bar ta kamar takarda, zafi ya ƙarasa ta. Wannan kam na ce masa laifina ne, na sake masa wani. Ya yi faɗansa ya gama, kuma ka ga har yau muna gaisawa.

Don haka kada ka ɗauka cewa nake ka yi ta guga ba iyaka. Tudun kawai za ka kwantar ya yi daidai da jikin bututu, sai ka tsaya. Hanya hayaƙi yake nema, ba ruwansa da ƙyalli. A bakin farantin da ake ɗaurewa jikin inji, ka ɗora gasket ɗin da ke shiga tsakaninsu ka zana, ka goge iya zanen, kada ka wuce. In ka gama ka busa, ka wanke garin ƙarfen tas kafin ka ɗaura. Ka sa tabarau ko ana yi maka dariya. Idona na hagu da kake gani yana ruwa, tsinin ƙarfe ne ya faɗa, taurin kai ya hana ni zuwa a cire da wuri.

Darasin nan a kan ƙarfe na koye shi, ban koye shi a kanka ba. Tun kana ɗan shekara goma nake gugarka. Ka yi daidai in yi shiru, ka yi kuskure in tara maka jama'a. Ƙannenka su zo su zauna kusa da ni mu ci gyaɗa, kai kuwa sai miƙo wannan, ajiye wancan. In an yi mani magana in ce kunyar ɗan fari ce, kowa ya gyaɗa kai, har a ce Sabi'u ya riƙe al'ada.

Ranar nan ta kasuwa, da na dawo na ga a-kori-kura a tsaye da mutanen Zakka, ga direba yana duba agogo, ga hadari ta yamma, ga gwangwanin fenti a buɗe a hannun mai wannan sunan, wallahi ban san lokacin da zarto ya zo hannuna ba. Ba kai nake gani ba. Da na tsaya na sa yatsa da tsumma kamar yadda nake koya maka, da ba a kai ga yanka ba.

Yanzu bari in faɗi abin da na gani, tunda ranar ban faɗa ba. Ba haƙori ko ɗaya. Mahaɗar nan da ta kayar da ni, ka kwantar da ita sumul, ka kuma bar mata namanta, ba ka ci fiye da kima ba. Na rasa yadda ka kai hannu lungun nan, sai daga baya na tsinci 'yar sandar ƙarfen da ka lanƙwasa ka naɗa wa sanfefa, dabarar da ban taɓa tunani ba. Malam Ɗanbaba da kansa, da ya runtse ido ya juya yatsa a ciki, cewa zai yi a kawo fenti. Ina riƙe da ɓari biyun, rumfa cike da mutane suna jiran in yi magana, kai ma kana jira. Kalma nawa ce? Sai na ajiye na tafi masallaci. Sau biyu ke nan a rayuwata ina tsayawa gaban mai sunan nan, gaskiya tana bakina, in haɗiye ta.

In Allah Ya ba ka ɗa, ko Ya ba ka masu koyo a ƙarƙashinka, in sun ɓata ka ja su gefe, in sun gyara ka faɗa kowa ya ji. Kunya abu ce mai kyau, da ita aka raine mu. Amma kada ka shafa ta a kan abin da ya kamata a yanka a duba.

Jiya da hantsi na zaunar da innarka na gaya mata komai, tun daga goron nan har "to yi sauri". Na ɗauka za ta tashi ta bar mani wurin. Ta ajiye waken da take tsinta. Sannan ta ce, "Malam, ɗan fari ake jin kunya, ba mamaci ba. Shekara ashirin da shida ban taɓa jin ka kira sunan marigayin ba shi ma. Na san da wani abu." Ta ce in je Zakka in gaya wa 'yan'uwansa, in kuma gaya maka. Zakka zan je ranar Juma'a in Allah Ya kai mu. Ban san da wace fuska za su karɓe ni ba, kuma duk abin da suka ce mani sun yi daidai. Amma kai na fi tsoro, shi ya sa na fake da takarda.

A ƙarƙashin bencin rumfa, can ƙurya bayan tulun kabaid, akwai wani buhu da na hana kowa taɓawa. Kun sha tambaya ina daka maku tsawa. Manifol ɗinsa ne. Fentin ya gama zubewa tuntuni, goron yana nan yadda na bar shi. Naka ɓari biyun na ajiye su a gefensa. Ina so ka zo ka sa yatsa a wannan, ka sa a wancan, ni kuma in faɗa da bakina, a gaban Ɗanlami da mai shayi da duk wanda ke wurin ranar, wanne ne aikin gwani. Na riga na ce wa Ɗanlami ya zo. Sannan ka ɗauki magagarin Malam Ɗanbaba, wanda ya miƙo mani ranar da ya goge jini a rigata, ka tafi da shi Kaduna.

In zuciyarka ba ta ba ka ka zo ba, ban riƙe ka da komai ba. Na yafe maka duniya da lahira, ni ne ma mai neman yafiya. Amma jibi tun da safe ina rumfa, ba zan kunna wuta ba, ba zan karɓi aikin kowa ba. Ka san motar Katsina ta gabana take wucewa. Zan zauna a bakin benci ina kallon hanya.

Ka riƙe salla a kan lokacinta. Ka riƙa kiran innarka duk Juma'a ko ba ka da abin faɗa. Kada ka yi tafiyar yamma a hanyar nan ko an ce maka lafiya lau take. Innarka tana gaishe ka, ko da yake tana ganinka kullum, ita ta ce lallai in rubuta. Ƙannenka ma suna gaisuwa.

Allah Ya jiƙan Isiyaku direban Zakka, Ya haskaka kabarinsa, Ya yafe mani abin da na yi masa.

Allah Ya tsare ka a tafiya da zama, Ya sa albarka a hannunka, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya dawo mana da kai lafiya, Isiyaku.

Ga shi na rubuta. Jibi in ka zo, da bakina zan faɗa.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sabi'u mai walda,
Batsari.